Idon Ɗan Kifi, Daga Tekun Norwe Zuwa Ƙasar Daura

Ƙasar Daura ƙasar rijiya ce da tafki, tsakaninta da teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Kifin da aka saba da shi shi ne wanda masunta ke kamowa a madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam, sai na ƙanƙara da ake kawowa daga kudu. Amma tunda matasa suka rungumi kiwon tarwaɗa a kwami da manyan robobi a bayan gida, wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ta iso mana: me ke kashe 'ya'yan kifi a kwanakinsu na farko? Rabin amsar a cikin ido take.

Labarin ya faro ne a wajajen 1865, lokacin da G. O. Sars ya gano a tsibiran Lofoten na Norwe cewa ƙwan kifin kod, wanda busasshensa ake jigila har Najeriya, yawo yake a saman ruwa. Da jin haka sai aka ce ai ƙara yawan kifi a teku ya zo da sauƙi. A 1882 Kyaftin Dannevig ya kafa wurin ƙyanƙyasa a Flødevigen, aka riƙa sakin miliyoyin jariran kifi cikin teku, aka yi shekaru ana yi ba a ga wani ƙari na a zo a gani a komar masunta ba.

Johan Hjort ne ya sa yatsa a kan ciwon a 1914. Ya ce ɗan kifi yana fitowa da guzurin gwaiduwa a cikinsa. Idan guzurin ya ƙare bai iya kama abinci ba, shi ke nan. Ga hujja mai kyau, amma ta bar giɓi: da me ɗan tsurut ɗin nan, da tsawonsa bai wuce 'yan milimita ba, yake farauta?

Nan ne aikin John Blaxter a Sikotilan ya shigo, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan wannan tarihi. Ya duƙufa a kan kifin herin, wanda muke saye da sunan shawa. A 1963 shi da Gotthilf Hempel suka nuna akwai ranar da idan yunwa ta kai ɗan kifi gare ta, ko an cika masa ruwa da abinci ba zai iya ci ba. A 1970 kuma shi da Mary Staines suka bayyana abin da ke cikin tantanin idon. A idon babban kifi, kamar namu, ƙwayoyin gani iri biyu ne: na hasken rana da na duhu-duhu. Jariran yawancin kifayen teku da na rana kaɗai suke fara rayuwa. Na duhun sai sun fara rikiɗa zuwa kamannin iyayensu suke fitowa. Da yawa ma idonsu garau yake lokacin ƙyanƙyasa, ba ya aiki, sai daf da ƙarewar gwaiduwa yake yin baƙi, daidai da buɗewar baki. Ka dubi wannan tsari na Ubangiji: ido da baki da hanji duk su kammala a kan gaɓa guda. Ganin jaririn ma gajere ne, bai fi tsawon jikinsa ba. Sai ya hango ƙwaro, ya lanƙwashe, ya yi wuf. A farkon koyo kuskurensa ya fi sa'arsa yawa. Rana na faɗuwa, farauta ta tsaya.

Wannan sani ya sauya sana'ar. Masu ƙyanƙyasa a Japan da Turai suka koma lissafin ƙarfin fitila da launin bangon tanki, suna zuba ganye-ganyen ruwa masu kore shi domin abincin ya fito fili a idon jariri. A 1985 masana biyu 'yan Japan, Inui da Miwa, suka nuna cewa sinadarin maƙoshi ne ke tafiyar da rikiɗar wani kifi mai faɗi, wanda idonsa ɗaya ke ƙaura ya koma gefe guda da ɗan'uwansa.

To, ina tarwaɗarmu a ciki? Ita hanyarta daban, kuma nan ne mai kwaikwayo ido rufe yake asara. De Kimpe da Micha sun wallafa dabarar sa ta yin ƙwai da allura a 1974, daga aikinsu a Afirka ta Tsakiya, masanan Holan suka ɗora. Ƙwanta kan fashe cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi, gwaiduwar ta ƙare a wajen kwana 3. Sai dai ita kifin laka ce da ruwa mai dauɗa: idonta ƙanana ne, gashin bakinta ne jagoranta, da shi take shafa da ɗanɗano. Gwajin da Britz da Pienaar suka yi a Afirka ta Kudu, suka wallafa a 1992, ya nuna jariranta gudun haske suke, kuma sun fi girma a duhu. Haske mai ƙarfi yana firgita su, su yi ta zirga-zirga suna ƙona ƙarfinsu, su cunkushe a kusurwa, manya su far wa ƙanana. Duk wanda ya taɓa ɗaga buhu daga kan roba da hantsi ya ga yadda suke watsewa su taru a inuwa kamar baƙin zare, ya ga wannan da idonsa. Karfasa kuwa da ido take kiwo, ita tana son haskenta.

Abin da ke damuna shi ne, matashi a Daura ko Mai'aduwa ko Zango zai ci bashi ya sayi allura da Artemiya, abincin jariran kifi mai tsada, ya ajiye robobinsa a tsakar gida ƙarƙashin ranar bazara, jarirai su mutu, ya ɗora laifi a kan ruwan rijiya ko sammu. Malaman gona na ƙananan hukumomin masarautar nan su sa wannan a cikin abin da suke koyarwa: a san irin kifin tukuna, sannan a san hasken da za a ba shi. Mai ƙyanƙyasar tarwaɗa, ka yi wa robobinka rumfa, ka rufe su, ka ba su abinci har da dare.