Wa ke tsaye a bayan rigar? Tsari da launi a hoton ado na fili

Har zuwa farkon shekarun 1930, ɗaukar hoton ado sana'ar cikin ɗaki ce. Edward Steichen da George Hoyningen-Huene, gwanayen mujallar Vogue a lokacin, suna aiki ne da fitilu da labule da mace tsaye ƙyam. A ƙarshen 1933 Carmel Snow ta mujallar Harper's Bazaar ta kai Martin Munkácsi, ɗan ƙasar Hungari wanda ya goge a ɗaukar hoton wasanni da labarai, bakin tekun Piping Rock da ke Long Island. Can ya sa Lucile Brokaw ta sheƙo da gudu ta nufo kyamara. Hoton ya fito a bugun Disamba, kuma daga nan masu tarihin sana'ar suka saba fara lissafi.

Galibi motsi ake yabawa a wannan hoto. Ni kuwa ina ganin babban sauyin yana wani wuri. A cikin ɗaki mai hoto ƙari yake yi: bango fayau yake, shi zai kawo kujera, ya kawo haske. A fili kuwa ragi ne aikinsa, domin ya tarar da wurin cike da gine-gine da launuka da mutanen da ke harkar gabansu. Dole ya zaɓi abin da zai bari da abin da zai yanke, wanda zai fito tar da wanda zai dushe. Hujjar wannan maƙala ita ce, zaɓin nan da ake ɗauka na gwaninta ne zalla hukunci ne a kan wuri da mutanensa, kuma a launi hukuncin ya fi ɓuya.

Hoton da William Klein ya ɗauka wa Vogue a dandalin Piazza di Spagna na birnin Rum a 1960 ya nuna yadda tsari ke aiki idan ya yi kyau. Mata biyu ne sanye da rigunan Roberto Capucci, riga ɗaya baƙa ɗaya fara, kowacce da ratsin kishiyar launinta, suna giftawa a kan fararen layukan tsallaka titi. Klein ya tsaya can nesa a bisa matakala da gilashi mai jawo nesa kusa. Irin wannan gilashi yana matse tazara, sai layukan ƙasa suka miƙe suka zama tamkar bango, ratsin riga ya haɗu da ratsin titi. Da an cire titin, da rigunan sun rasa rabin ma'anarsu. Amma abin da ya fi burge ni shi ne mutanen Rum da ke ciki: masu wucewa, da mai babur. Ba wanda ya jera su. Suna tafiyarsu, wasu suna waiwayen matan, kuma waiwayen nan ya zama sashen hoton. Birnin ya ba da layukansa ba tare da ya rasa ransa ba.

Launi ya zo da wata matsala dabam. Fim ɗin Kodachrome ya shigo kasuwa a 1935, shekara guda bayan haka Louise Dahl-Wolfe ta fara aiki da Harper's Bazaar, inda ta zauna har 1958 ta yi bangon mujalla 86. Ta karanci zane da ilimin launi a San Francisco kafin ta riƙe kyamara, ta kuma shahara da sa ido a kan masu ɗab'i har sai launin ya fito yadda take so. Ta ɗauki hoto a Arizona, da Sifen, da Tunisiya, tana nema wa kowace tufa bangon da zai amsa mata. Tana cikin waɗanda suka kafa ɗabi'ar da ake bi har gobe: ko dai a nemi wurin da launinsa ya dace da na tufa su narke cikin juna, ko a nemi wanda ya saɓa mata don ta yi tsalle ta fito.

Hanyar farko ta kai ƙololuwa a tafiyar Norman Parkinson zuwa Indiya, wadda Vogue ta Ingila ta buga a Nuwamban 1956. A Jaipur, birnin da aka shafe gine-ginensa da ruwan hoda tun 1876 don tarbar Yariman Wales, ya tsayar da Anne Gunning cikin kwat mai ruwan hoda a ƙofar fadar birnin, ga giwa da aka yi wa ado, ga ma'aikatan fada cikin kayan sarki. Ta fuskar sana'a babu inda za a kushe shi. Launi ɗaya ya ratsa hoton daga gaba har baya, yana sauya ƙarfi ba ya sauya dangi, ido ya zaga ya dawo kan kwat.

To amma mene ne aikin mazan nan a hoton? Aikinsu su maimaita launin kwat. An san sunan matar, an san sunan mai hoton, su kuwa an jera su ne yadda ake jera fenti. Shekara tara ke nan kacal da Indiya ta karɓi 'yancinta daga Ingila, kuma mai karatun da aka yi hoton dominta tana Landan. Za a iya cewa wannan tsanani ya yi yawa: hoton ado talla ne, riga ake sayarwa, dole komai ya yi mata hidima, ko a Rum ma ai rigar Capucci ce a gaba. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuma ce Parkinson ya yi da mugun nufi ba. Bambancin yana cikin tsarin kansa. Mutanen Klein suna da inda za su, suna iya kallon matan su yi mamaki. Mazan Jaipur an tsayar da su ne, dacewar launin da ke faranta ido ita ce ta shafe su. Yayin da launi ya daidaita sosai, ido yakan daina tambaya.

Akwai kuma wani hukuncin da aka yanke tun kafin mai hoto ya fita daga gida. Daga tsakiyar shekarun 1950 ɗakunan wankin hoto suna daidaita injinansu ne da katin gwajin kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley. Binciken da Lorna Roth ta buga a 2009 ya nuna cewa ƙorafin masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda fim ya kasa rarrabe musu duhun kayansu, yana cikin abin da ya sa aka gyara yadda fim ke kama launin ƙasa-ƙasa. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata dabam-dabam. A cikin ɗaki ana iya ƙara fitila a rufe aibin. A ƙarƙashin rana, inda farin bango da baƙar fuska ke cikin hoto ɗaya, tilas a zaɓi wanda za a auna haske a kansa.

Nan ne aikin James Barnor ya zama abin nazari. An haife shi a Akara a 1929, ya buɗe shagonsa mai suna Ever Young a unguwar Jamestown, ya tafi Ingila a 1959 inda ya koyi wankin hoto mai launi a yankin Kent. A shekarun 1960 ya riƙa ɗaukar wa mujallar Drum hotunan bango, yana fita da 'yan matan Afirka titunan Landan. A 1966 ya tsayar da Erlin Ibreck jikin mota ƙirar Jaguar a wani titin Kilburn. Lissafin Jaipur ne aka juya: Landan ce ta koma baya, da dusasshen haskenta da jerin gidajenta, baƙar mace ce a gaba, mai karatu kuma yana Akara ko Legas. Sai dai Barnor bai rama ba. Titin nasa titi ne da ake zama a cikinsa, matar kuma tana tsaye kamar mai wurin. Fatarta ta fito da ɗuminta da sheƙinta, domin mutumin da ya ɗauki hoton ya san abin da ke faruwa da fim a cikin ruwan wanki.

A wajajen 1970 ya koma Gana ya kafa ɗakin wankin hoto mai launi na farko a ƙasar, da kayan kamfanin Agfa-Gevaert. A 1971 ya ɗauki hoton wata ma'aikaciyar kantin Sick-Hagemeyer riƙe da robobi kala-kala, don ya zama ma'aunin launi. Wato katin gwaji ne, amma da fatar 'yar Gana a tsakiyarsa. Abin baƙin ciki ne a ce sai da ya tsufa tukuf duniya ta waiwaye shi. Babban baje-kolin aikinsa a zauren Serpentine na Landan sai a 2021 aka yi, yana da shekara casa'in da 'yan kai.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, tunda matasan masu hoto yanzu suna fita da masu tallar tufafi zuwa tsofaffin gine-gine da kasuwanni da marinar Ƙofar Mata a Kano. Baban karofi launi ne mai jan ido, kuma da sauƙi a zaunar da marini a gefe don shuɗin hannunsa ya amsa wa shuɗin riga. Wanda ya yi haka Jaipur ya maimaita, ko da kuwa shi da marinin unguwarsu ɗaya. Haske ma yana da nasa tarkon: da tsakar rana, in aka auna shi a kan farar shadda, fuskar mai shaddar da ta marinin duk za su nutse. Hantsi ko la'asar sakaliya ya fi, ko ranar hazo da ke tausasa inuwa, a auna a kan fuska, a bar shaddar ta ɗan yi ƙyalli. A nemi izinin marinin, a biya shi, a bar shi yana tsoma zanensa maimakon a tsayar da shi, a kuma sa sunansa a ƙarƙashin hoton tare da na telan da ya ɗinka rigar.