Har Idon Sawu: Yadda Aka Raba Ruwan Kogin Haɗejiya

A zauren gidanmu har yau akwai wata ƙatuwar gora rataye, ta yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi da shekaru, bakinta ɗaure da igiyar kaba. Ta kakana ce. A kanta yake kifa ciki ya shiga tafki, homa a kowane hannu, in ya kama tarwaɗa ko ƙarfasa ya zura ta bakin gorar ya ci gaba da iyo. Garinmu yana gabas da Haɗejiya, daidai inda kogi ke daina bin hanya ɗaya ya rarrabu: hannu ɗaya ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, ɗaya ya bi Burum Gana, ɗaya kuma ya riƙe tsohuwar hanyarsa ya nufi Gashuwa. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulanin wannan yanki suna jiran damina kamar kowa, amma akwai abin da suke jira fiye da ita, wato cikowar kogi. Ruwan sama da ya zuba a ƙasar Kano da tsaunukan Jos shi ne ke isowa gare mu a watan Agusta da Satumba, ya shafe fadama har iyakar ganinka.

Shekararmu a kan wannan ruwa take juyawa. Ana shuka shinkafa da ruwan farko, cikowa ta zo ta ɗaga ta. Ruwa ya fara janyewa a bi shi da wake a cikin danshin da ya bari. Kifi ya haihu cikin ciyawa. Da rani kuma Fulani su gangaro da shanu su ci burgu da harawar da aka bari, su bar wa manomi taki. Fili ɗaya ne, amma masunci da manomi da makiyayi kowa na da watansa a cikinsa, kuma duk dokar ruwa ta wancan zamani a kan kiyaye waɗannan watanni ta ginu.

Na riski wutsiyar wannan tsari ina yaro. Da kaka, idan tafkuna suka rabu da kogi, Sarkin Ruwa zai fito da mutanensa su kafa sanda a bakin tafki, a ɗaura mata ciyawa a ka. Shi ke nan, an rufe ruwa. Daga ranar babu mai jefa ƙugiya ko birgi a ciki, ko ɗan dagaci ne, sai bazara ta yi, kifi ya girma. Sannan a yi shela a kasuwa a faɗi ranar su. Ranar kuwa, tun asuba za ka ga mutanen ƙauyuka bakwai ko takwas sun jeru a gaɓa, kowa da gorarsa, ana jiran Sarkin Ruwa ya gama abin da zai yi ya ɗaga hannu. In an fito, kowa ya cire kason sarki, a kai wa dagaci nasa, a aika wa liman da tsofaffin da ba su iya shiga ruwa.

Wata rana na ga mata suna ɗiba a tafkin da aka rufe, ga kuma wani Bafulatani ya koro shanu sun tsunduma baki. Na ruga na gaya wa kakana, ina zaton na kama masu laifi. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, kifi aka rufe. Wa ya isa ya rufe ƙishirwa?" Kowane tafki yana da mashaya, kowace mashaya tana da burtalin da ya iso gare ta, kuma wanda ya noma burtali shi ne mai laifi, ba saniyar da ta taka shukarsa ba.

Sai da na zauna gaban malami a zaure na gane inda wannan ya samo tushe. Fiƙihun Malikiyya da alkalanmu ke hukunci da shi ya sa haƙƙin sha, na mutum da na dabba, gaba da haƙƙin ban-ruwa, ya kuma hana mutum ya riƙe rarar ruwan rijiyar daji ga mabuƙaci. A cikin Muwaɗɗa akwai hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke kan wasu ƙoramu biyu na Madina: wanda gonarsa ke sama shi zai fara shayarwa, ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya saki ga wanda ke ƙasa da shi. Wannan hukunci ya daɗe yana burge ni. Ya ba na sama fifiko, bai hana shi ba, amma ya yanka masa iyaka da ma'aunin da kowa ke ɗauke da shi a ƙafarsa. Na ƙasa zai iya takowa ya duba da idonsa ya ce, ya kai, saki.

Tsarin na da yana da nasa zalunci, kuma na ji shi daga bakin waɗanda suka ɗanɗana. Akwai tafkunan da manya suka mayar nasu, akwai Sarakunan Ruwan da kasonsu ya fi ƙarfin talaka, baƙo kuma yakan biya fiye da ɗan gari. Sai dai wanda ya zalunce ka ka san ƙofar gidansa, kuma akwai hakimi da alkali a samansa.

Turawa ba su taɓa wannan sosai ba. Dokarsu ta ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, amma En'e ta ci gaba da barin tafki da fadama a hannun dagatai da bulamai. Babban sauyi ya zo ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Shi ya ɗauki gina madatsun ruwa da gaske, aka yi Bagauda, sannan Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, mai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A lokacin fari ya addabi ƙasar nan, shanu na mutuwa, mutane na ƙaura, don haka duk wanda ya ce a tara ruwa ya faɗi abin da kowa ke son ji. Kuma amfanin ya fito fili. Tumatirin Kadawa, shinkafar Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwan famfon da miliyoyin Kanawa ke sha, duk albarkar wannan aiki ne, kuma ni ma na ci daga ciki. A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa guda 11, ta Haɗejiya da Jama'are na cikinsu, hedikwatarta a Kano. A 1992 aka gama madatsar Calawa a ƙasar Ƙaraye. Koguna biyun da ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya duk sun shiga bayan ƙofa.

Shekara guda kafin nan, a 1991, aka yanke Jigawa daga Kano, aka yanke Yobe daga Barno. Da muna jiha ɗaya da madatsar, ko ba komai gwamna ɗaya muke kai wa kuka. Yanzu madatsa na wata jiha, fadama na wata, wutsiyar kogi na wata, har ta zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar, inda manoman tattasai na Diffa ke jiran abin da ya rage kafin ya faɗa tafkin Cadi.

Dokoki kam an yi su. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni. Doka mai lamba 101 ta 1993 ta ce duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, na sama da na ƙarƙashin ƙasa, ikonsa na gwamnatin tarayya ne, ta kuma bar wa kowa ya ɗiba kyauta don aikin gida da shayar da dabba, ya yi su, ya shiga jirgi. A wannan gaɓar ta yi daidai da maganar kakana. Najeriya da Nijar ma sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wutsiyar kogin namu, wato Komadugu Yobe. Na karanta waɗannan takardu ina neman abu ɗaya, wato idon sawu: wane wata za a saki ruwa, nawa za a saki, kuma in ba a saki ba wa mutumin Guri ko Kirikasamma zai kama. Sun faɗi mai ruwa dalla-dalla. Ma'aunin da talaka zai riƙe ya tsaya a kai ne ban samu ba.

Masu bincike sun auna yadda fadamar ta tsuke. Kafin Tiga cikowa takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau, daga baya a shekaru da yawa ko rabin haka ba ta kaiwa. Farin 1983 da 1984 yana da nasa kaso a ciki, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne rikicewar lokaci, kuma shi ne mutanen birni suka fi kasa ganewa in ana ba su labari. Kogin namu a da yakan ƙafe da rani, yara su yi wasa a yashinsa, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a cikinsa. Da aka fara sakin ruwa da rani saboda gonakin ban-ruwa da famfon birni, sai hanyoyin ruwa suka daina bushewa, kuma babbar cikowar da ke wanke su ta daina zuwa da ƙarfinta. Laka ta kwanta, kacala ta samu gida.

Wanda bai shiga dajin kacala ba ba zai san ta ba. Ta fi mutum tsawo nesa, saiwarta saƙe take a ƙarƙashin laka kamar tabarma, in ka sare ta a saman ruwa kafin wata ya zagayo ta dawo. Ta toshe Burum Gana da tsohon kogi, ruwa ya rasa hanya ya karkata Marma, ya kwanta a kan gonakin mutane shekara da shekaru, yayin da wasu garuruwan ke kallon busasshen rafi. Jirgi ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. Sauro da dodon koɗin da ke kawo tsargiya suna cikinta. Tsuntsayen jan baki kuma nan suke kwana, da safe su tashi kamar hadari su sauka a kan gero da shinkafa. Gonar mahaifina ta shinkafa, wadda na yi tsaron tsuntsu a cikinta da gwangwani da majajjawa, yau kacala ce daga wannan gefe zuwa wancan, ko iyakarta ba a ganewa.

Saboda haka ne yawancin ruwan da ke wuce Gashuwa yanzu na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse ba. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi, wadda aka fara tun zamanin Shagari aka tsayar, mutanen Yobe da Barno suke tashi tsaye. Mutanen Bauchi na cewa ruwan a ƙasarsu ya bi, su ma suna son noman rani. Kowa na da hujja, kuma irin wannan shari'a ce idon sawu ya zo ya raba. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa sun lissafa abin da ruwa ke samarwa in aka bar shi ya sauka fadama, kifi da shinkafa da itace, suka gwada da abin da yake samarwa a gonakin ban-ruwa na Kano. Na fadama ya ninka sau da yawa. Kifin kakana da kabar kakata ba su taɓa shiga littafin gwamnati ba, shi ya sa aka ɗauka ruwan da ya zo mana asara ne.

Mu ma mun ƙara wa kanmu. Da ƙananan injinan ban-ruwa suka maye gurbin jigo, kuma gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, kowa ya ruga bakin ruwa ya share ya shuka. Mashaya ta zama gona, burtali ya zama kwamin albasa. Bafulatani ya iso da shanu masu ƙishi ya tarar da shinge. Rigingimun da suka biyo baya sun ci rayuka, kuma da yawansu daga wannan shinge suka faro.

A 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, albarkacin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna yin hunturu a nan. A 2006 gwamnonin Kano, Jigawa, Yobe, Barno, Bauchi da Filato suka haɗu a Damaturu, aka amince da kafa asusun kula da kogin, aka kuma tsara yarjejeniyar rabon ruwa tsakanin jihohin. Na yi murna da wannan zama, domin a karon farko na sama da na ƙasa sun zauna a tabarma ɗaya. An yashe wasu hanyoyi, ruwa ya koma wuraren da ya daɗe bai je ba, har masunta suka dawo. Amma aikin kogi ba na shekara ɗaya ba ne, kuma kuɗi da himma sukan janye da wuri. Ƙudirin sabuwar dokar ruwa ta ƙasa da aka kai majalisa a 2017 ya sha suka, musamman daga masu tsoron gwamnatin tarayya za ta ƙwace gaɓar kogunansu, aka yi ta dawo da shi ana janyewa, bai zama doka ba.

Bara da rani na je gida na tarar an kira gayya. Ƙauyuka huɗu ne suka fito da adda da lauje, suka shiga ruwa iya ƙirji suna sarar kacala daga ƙasa, matasa na jan ta zuwa gaɓa, mata sun kawo kunu a manyan ƙwarya. Da la'asar aka isa inda rafin ya rabu biyu, gardama ta tashi kan buhunan yashi nawa za a jera a kowane baki, don kada gabas ta nutse yamma ta bushe. Jikan tsohon Sarkin Ruwanmu, wanda shi ma yanzu furfura ta cika masa gemu, ya yanko sanda ya kafa a tsakiyar ruwa, ya yi mata tsaga da wuƙa. Ya ce wa dattijon ɗaya ɓangaren, "Yaya, in ya haura nan ku ɗauke buhu biyu, in ya sauka mu za mu ɗauke." Aka tafa, liman ya yi addu'a. Aka sa yara biyu, ɗaya daga kowane gari, su riƙa zuwa duba sandar kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci.