Garin Yara na Nebraska: Tarihin Riƙon Samari a Hannun Katolika

Tun farkon ƙarni na ashirin hukumomin Amurka su ke fama da tambaya guda game da yaron da riƙonsa ya gagari gidansu, ko don mutuwar iyaye, ko don talauci, ko kuwa don shi kansa ya kangare: ina za a kai shi? A cikin 1899 aka kafa kotun yara ta farko a birnin Shikago, don a daina gwama yaro da riƙaƙƙun ɓarayi a gaban alƙali. A cikin 1909 kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya tara masana a fadarsa, suka yanke shawara kada a raba yaro da iyayensa saboda talauci kaɗai. Amma faɗa daban, cikawa daban. Yawancin alƙalai ba su da inda za su tura yaro sai makarantar horo, wadda ba ta da maraba da kurkuku in banda suna. Wannan takarda za ta bi tarihin wani gida na Katolika da aka kafa don amsa wannan tambaya, ta nuna yadda amsar tasa ta yi ta sakewa har sau uku.

Daga gidan haya zuwa gari

An haifi Edward Joseph Flanagan a ƙasar Ailan cikin 1886. Ya ƙaura zuwa Amurka a 1904, aka naɗa shi Fada a birnin Innsbruck na Ostiriya a 1912, sa'an nan aka tura shi jihar Nebraska. A birnin Omaha ya fara da buɗe masauki domin ma'aikatan ci-rani da marasa galihu. Da ya daɗe yana sauraron labarinsu sai ya lura galibinsu tun suna yara suka rasa mai tsawata musu ko mai jin ƙansu. Nan ya gane icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ya juya ga yara.

Ran 12 ga Disamba 1917, da iznin babban Bishop na Omaha, ya ranci dala 90 ya kama hayar wani tsohon gida, ya shiga da yara biyar, uku daga hannun kotu, biyu kuwa masu tallar jarida ne da ba su da wurin kwana. Ana kyautata zaton mai ba da rancen abokinsa ne, wani lauya Bayahude mai suna Henry Monsky. Wannan ya dace da ƙa'idar gidan tun daga ranar farko, watau ba a tambayar yaro launin fatarsa ko addininsa kafin a karɓe shi. A Amurka ta wancan zamani, inda baƙi da farare ba su cin abinci a akushi ɗaya, wannan ƙa'ida ta jawo masa ƙiyayyar mutane da yawa.

Kafin shekara ta kewayo gidan ya yi kaɗan, aka koma wani babba. A 1921 ya sayi wata gona mai faɗin eka 160, kamar mil goma yamma da Omaha. Bai kewaye ta da shinge ba, bai kuma sa kwaɗo a ƙofofin ɗakunan kwana ba, domin ra'ayinsa shi ne babu yaron da aka haifa mugu, sai dai wanda ya tashi a mugun wuri, ya ga mugun misali. Aka koya wa yaran noma da sassaƙa da ɗab'i da gyaran takalma, haɗe da karatu. A 1926 suka jefa ƙuri'a suka raɗa wa wurin suna Boys Town, watau Garin Yara, suka kuma fara zaɓen magajin gari daga cikinsu. A 1936 gwamnatin jihar ta amince da shi a kan cikakken ƙauye ne mai hukumarsa. Majigin da aka yi a kansa cikin 1938, wanda Spencer Tracy ya fito a matsayin Flanagan, shi ya kai sunan garin ko'ina a duniya.

Tafiyar Ailan

Kada a ɗauka dukan gidajen riƙo na Katolika haka su ke. A 1946 Flanagan ya ziyarci ƙasar haihuwarsa, ya duba makarantun horo da ƙungiyoyin addini su ke gudanarwa da kuɗin gwamnati. Abin da ya gani na duka da wulaƙanci ya tayar masa da hankali, ya fito fili ya ce abin kunya ne ga ƙasar. Ministan Shari'a na lokacin, Gerald Boland, ya yi watsi da maganarsa a majalisa. Flanagan bai sami komawa ba. Bayan ya je Japan da Koriya a 1947 don ba da shawara kan marayun yaƙi, sai ajali ya cim masa a birnin Balin ran 15 ga Mayu 1948. Sai a 2009, bayan shekara sittin da uku, rahoton hukumar bincike ta Mai Shari'a Sean Ryan ya tabbatar da cewa duka da yunwa da lalata da yara sun zama ruwan dare a makarantun samarin nan. Ashe addini ɗaya, riga ɗaya, amma riƙo ya bambanta, gwargwadon yadda mai riƙon ya ɗauki yaron, da kuma ko akwai ido daga waje mai dubawa.

Girma da abin da ya haifar

Magajinsa, Fada Nicholas Wegner, ya riƙe garin daga 1948 zuwa 1973. A zamaninsa aka ƙara gine-gine, yawan yara ya haura ɗari takwas, da yawansu suna kwana a manyan ɗakuna kamar barikin soja, masu lura da su kuma suna karɓa-karɓa. Kowace shekara ana aika miliyoyin wasiƙu na neman taimako zuwa gidajen Amurkawa.

Ana cikin haka sai irin yaran da ke zuwa ya sake. Tun da gwamnati ta fara ba iyaye mata matalauta tallafi a ƙarƙashin dokar 1935, ga kuma mace-macen iyaye sun ragu, marayu na ainihi suka yi ƙaranci. Masu zuwa yanzu iyayensu na da rai, amma gida ya watse, ko yaro ya sha azaba, ko ya faɗa shaye-shaye. Irin wannan yaro gado da abinci da sana'a ba su ishe shi ba, babban ɗaki mai cike da yara kuwa ba ya koya masa zaman gida.

A watan Maris 1972 wata jaridar mako-mako ta Omaha mai suna Sun, mallakar attajiri Warren Buffett, ta binciki takardun da sabuwar doka ta tilasta wa ƙungiyoyin agaji su miƙa wa hukumar haraji. Ta gano dukiyar Garin Yara ta wuce dala miliyan 200, alhali wasiƙunsa suna kukan babu. Jaridar ta sami lambar yabo ta Pulitzer a 1973. Ba a ce wani ya saci kuɗin ba. Laifin shi ne tarawa ta rinjayi kashewa a kan yara, ba kuma wanda ya tsaya ya tambaya ko tsohon tsarin yana da sauran amfani.

Komawa ga gida

Fada Robert Hupp, wanda ya karɓi ragama a 1973, ya nemo magani daga Jami'ar Kansas. Can tun 1967 wasu masana halayyar ɗan Adam, a ƙarƙashin Montrose Wolf, suka buɗe wani ƙaramin gida a garin Lawrence, inda miji da mata horarru su ke zaune dare da rana tare da samari shida zuwa takwas. Ana koya wa yaro abubuwan da ɗan gidan kirki ya ke tsinta ba da saninsa ba: yadda a ke bin umurni, yadda a ke karɓar gyara ba tare da zuciya ba, yadda a ke haƙuri in an hana shi abu. In ya yi daidai a ba shi maki, in ya kuskure a rage, da makin nan ya ke sayen izinin fita ko kallo. Kullum kuma iyalin su kan zauna su tattauna dokokin gidan. Daga 1974 Garin Yara ya shiga rufe manyan ɗakunan kwana yana mai da yara cikin irin waɗannan gidaje, a 1979 kuma ya fara karɓar 'yan mata.

Sai dai masanan Kansas ɗin da kansu sun buga wani bincike a 1982 wanda ya nuna iyakar tsarin. Muddin yaro yana gidan laifuffukansa su kan ragu ƙwarai, amma bayan ya fita bambancinsa da yaran sauran gidaje ya kan dushe. Dalilin a bayyane ya ke. An gyara yaro, ba a gyara inda zai koma ba.

Wannan shi ya kawo sakewa ta uku. A zamanin Fada Valentine Peter, wanda ya fara a 1985, aikin ya fita daga gonar Nebraska ya shiga gidajen iyaye. A 1989 aka buɗe layin waya na ƙasa baki ɗaya, wanda yaro ko uba ko uwa za su iya kira dare ko rana. Aka shirya darussa na koya wa iyaye dabarun da ma'auratan nan su ke amfani da su, aka kuma riƙa tura ma'aikata gida gida don a kashe wutar tun ba ta kai ga raba yaro da danginsa ba. Gwamnatin tarayya ma ta bi wannan hanya da dokar 2018, wadda ta ware kuɗi domin tallafa wa iyali, ta kuma taƙaita biyan kuɗin ajiye yara a gidajen taro.

In aka duba tarihin nan daga farko, za a ga aikin ya fara da gidan haya mai yara biyar, ya zama gari, ya koma ƙananan gidaje, daga bisani ya doshi gidan da yaron ya fito. Malamin da ke horar da malamai, musamman masu riƙe da makarantun kwana, zai sami abin lura a nan: shawarar da aka yanke a fadar Roosevelt cikin 1909 ta ɗauki shekara tamanin kafin gidan Flanagan ya mai da ita aikin yau da kullum, kuma sai da 'yan jarida suka buɗe littafin kuɗinsa, masana suka auna sakamakon aikinsa, sa'an nan ya kai ga haka.