Labarin Baba ta Karo, Na Wa Ne?

Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, tarihi ne, kuma abin da ya sa na ɗauko shi wata magana ce da wata tsohuwa ta yaɓa mani a garinmu Ɗantutture, har yau ba ta bar zuciyata ba.

Ita wannan tsohuwa maƙwabciyarmu ce, tun ina yarinya nake zama gindinta tana kaɗi tana ba ni labarin yadda aka yi mata auren dole, da yadda ta gudu da ƙafa har Kurfi cikin dare. Da na fara rubutu sai na kwashe labarin nan kaf na zuba a littafina, na canza suna kawai. Ashe jikarta ta sayo shi a Dutsin-Ma ta karanta mata. Ranar da na je gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, nawa kika sai da ni?" Wallahi na rasa bakin magana. Wannan tambaya ce ta sa na shiga bin diddigin waɗanda suka riga ni yin irin wannan aiki.

A ƙarshen shekarar 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, ta zauna da wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith. Mijin Baturiyar, M. G. Smith, bincike yake yi a kan zaman Hausawa, to amma namiji ba ya shiga gidan kulle, sai matarsa ta zama ita ce mai shiga cikin mata. Kusan mako shida Baba tana magana da Hausa, Mary tana rubutawa. An haifi Baba wajen 1877, saboda haka ta ga zamanin harin bayi da idonta, ta ga zuwan Turawa, ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba amma ta yi riƙon 'ya'ya. Ta faɗi yadda ake zama da kishiya, da ƙawance, da wankan jego, da bori, abubuwan da marubutan tarihin sarakuna ba su taɓa waiwaya ba.

Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito a Landan a 1954, da Turanci. Ku duba fa, 'yan uwa, mai labarin ba ta gan shi ba, matan da ta yi zance a kansu ba za su iya karanta shi ba, amma ɗalibai a Ingila da Amurka suna ta nazarinsa. Sai a 1991 aka buga shi da Hausar da Baba ta faɗe shi, shi ma a Amurka, shekara 40 bayan rasuwarta.

To a nan sai mu ce Mary Smith ta yi sata? Ni dai ban ce ba. Ta sa sunan Baba a bangon littafin, ta bar ta ta yi magana da bakinta, kuma ba don ita ba da labarin ya bi Baba kabari kamar yadda na kakanninmu dubu suka bi su. Abin da ke yi mani ciwo shi ne an ɗebi ruwa a rijiyarmu, mu masu rijiyar mu ne na ƙarshen sha.

Akwai kuma wani labarin da ya fi wannan ɗaci. A 1933 wani Bature, Rupert East, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, lokacin yana malami a Midil ta Katsina, da Ganɗoki da Shaihu Umar. A wannan zamanin ne aka buga Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, labarin Abubakar da attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa budurwarsa Zainab. A 1962 sai Cyprian Ekwensi, Ibo ne haifaffen Minna, ya fitar da wani littafi da Turanci mai wannan labari, mutanen su ne, har yaron nan Kyauta, amma bangon littafin sunansa kaɗai ya ɗauka. A 1973 Neil Skinner ya jera littattafan biyu ya nuna yadda suka yi kama. Kasancewarsa Ibo ba laifi ba ne, ai a Arewa aka haife shi. Inda gizo ke saƙar shi ne rashin faɗin inda aka ɗebo.

Kada kuma mu yi saurin nuna yatsa, don laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Magana Jari Ce da muke alfahari da shi, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, Imam ya ɗebo da yawa daga labaransa a Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, ya sa masu riga da hula har suka zama 'yan gida. Mu ma marubutan soyayya, wace ce a cikinmu za ta rantse fim ɗin Indiya bai taɓa shiga alƙalaminta ba? Labari matafiyi ne, ba ya tambayar ƙabila kafin ya sauka.

Alhamdu lillahi, daga baya mata sun karɓi alƙalami da kansu. Hafsatu Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Wannan na biyun an fassara shi da Turanci a 2012, aka buga a Indiya, da sunanta a kai, tana raye tana gani. Kun ga bambancinta da Baba.

Ni abin da na koya shi ne, zamana Bahaushiya kuma mace bai ba ni lasisin kwashe sirrin wata ba. Baturiya ta nemi yardar Baba kafin ta rubuta, ni 'yar gida ban nemi ta maƙwabciyata ba. Kowa na iya ba da labarin kowa, amma da sharaɗi: ka nemi izini, ka faɗi gaskiya, ka ambaci mai shi in yana so, ka rufa asirinsa in ba ya so, kuma in an samu alheri a tuna da shi.

Na koma wurin tsohuwar na durƙusa na roƙi gafara, na kai mata turmin atamfa da goro. Ta yafe, amma ta ce a bugu na gaba in cire zancen gudun dare, don 'ya'yan mutumin suna nan da rai. Na cire.

Ke 'yar uwa da ke da kaka ko gwaggo a gida, ki zauna da ita tun tana da sauran numfashi, ki tambaye ta, ki rubuta, amma ki fara da neman yardarta. Allah ya jiƙan Baba ta Karo, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.