Salama, Wadar Zuci da Kyawawan Ayyuka: Nazari kan Abin da ke Motsa Kirista Ya Yi Alheri

Tsakure

Maƙalar nan ta bibiyi alaƙar da ke tsakanin salamar zuciya, wadar zuci da kyawawan ayyuka a koyarwar Kirista. An dogara ga wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, da aikin Basil na Kaisariya a ƙarni na 4, da muhawarar ƙarni na 16 a Turai. Abin da nazarin ya gano shi ne, a mafi rinjayen wannan al'ada salama ce ke gaba, ita ke haifar da wadar zuci, wadar zuci kuma ta saki hannun mutum ya bayar.

Gabatarwa

Tambayar tsohuwa ce a ikkilisiya: idan ceto kyauta ne daga Allah, kamar yadda Afisawa 2:8-10 ta koyar, me zai sa mai bi ya ciyar da mayunwaci ko ya duba marar lafiya? Sabon Alkawari bai ba da dalili guda ba. Akwai godiya, akwai koyi da Almasihu, akwai ƙaunar maƙwabci, akwai kuma lada da hukunci, waɗanda Matiyu sura 25 ta bayyana ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Yaƙub sura 2 ta ƙara da cewa bangaskiyar da ba ta kai ga aiki matacciya ce. Don haka wannan bincike bai nemi zaɓen dalili ɗaya ya watsar da sauran ba. Abin da ya duba shi ne jerinsu, wanne ke gaba, wanne ke biye.

Fursuna da masu aiko masa da guzuri

Filibi gari ne a Makidoniya, a arewacin Girka ta yau, mazaunin tsofaffin sojojin Roma. Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar garin yana tsare. Masana sun rabu kan wurin, tsakanin Roma da Afisa da Kaisariya. A gidajen yarin wancan zamani, ɗan kaso kan dogara ne ga 'yan'uwa da abokai su kawo masa abinci da sutura. Filibiyawa suka tara abin hannunsu, suka ba wani mutum mai suna Abafaroditas ya kai masa. Manzon nasu ya kwanta rashin lafiya har ya kusa rasa ransa, kamar yadda ƙarshen sura ta 2 ya nuna.

Abin lura shi ne yadda Bulus ya yi godiya a sura ta 4. Ya nuna farin cikinsa da saƙon, nan take kuma ya ce ba ƙorafin rashi yake yi ba, domin ya riga ya koyi zama da ƙoshi da yunwa. Kafin wannan, a ayoyi na 6 da 7, ya riga ya yi maganar salamar Allah da ke tsare zuciyar mai kai damuwarsa ga addu'a. Jerin a bayyane yake: salama, sai wadar zuci, sai batun kyauta. Mutumin da ke cikin sarƙa, wanda bai san ko zai fita da rai ba, ya karɓi taimako ba tare da ƙasƙantar da kai ba, bai kuma yi wa masu taimakon daɗin baki don su ƙaro ba.

Su ma masu bayarwar ba attajirai ba ne. A 2 Korantiyawa sura 8, Bulus ya siffanta ikkilisiyoyin Makidoniya da mutanen da ke cikin tsananin talauci, hannu baka hannu ƙwarya, amma suka roƙa a bar su su sa hannu a gudummawar da ake tarawa don matalautan Urushalima. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a duk nazarin. Da yalwa ce ke sa mutum kyauta, da Koranti, birnin fatauci, ita za a kafa wa Makidoniya misali da ita. Sai aka samu akasin haka.

Basil da yunwar Kafadokiya

Wajen shekara ta 369 fari da yunwa suka afka wa Kafadokiya, a tsakiyar Turkiyya ta yau. Basil, wanda ya zama bishop na Kaisariya ta Kafadokiya a 370, ya yi wa'azi mai zafi a kan masu ɓoye hatsi suna jiran farashi ya hau, yana kafa hujja da misalin mai arzikin da ya rushe rumbunansa don ya gina manya a Luka sura 12. Ya raba abin da ya gada, ya shirya dafa abinci ga mayunwata, daga baya ya gina babban masauki a wajen gari don matalauta da baƙi da kutare. A fahimtarsa, wanda ya san iyakar buƙatarsa ya san cewa rarar da ke hannunsa haƙƙin wani ce.

Muhawarar ƙarni na 16

Martin Luther ya shiga gidan sufaye a Erfurt a 1505. Ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, yakan daɗe yana furta zunubansa a gaban malaminsa Johann von Staupitz, amma hankalinsa bai kwanta ba. Daga wannan wahala ce littafinsa na 1520 kan 'yancin Kirista ya fito. Hujjarsa ita ce, mai yin alheri don ya sayi yardar Allah kansa yake wa hidima, maƙwabcin da yake taimaka wa kuwa ya zama tsani kawai. Wanda ya tabbata an karɓe shi kyauta shi ne ke da sukunin duban buƙatar wani tsakani da Allah. Maganar ba ta tsaya a takarda ba. Wittenberg a 1522 da Leisnig a 1523 sun kafa asusun gari don marayu da gajiyayyu da masu ƙaramar sana'a. Littafin koyarwa na Heidelberg na 1563 ya bi wannan sawu, inda ya sa kyawawan ayyuka ƙarƙashin babin godiya.

A ɓangaren cocin Katolika kuwa, Majalisar Trent, a Janairun 1547, ta dage cewa ayyukan mai bi suna da lada na gaske, sai dai ta jingina ladan ga alherin Allah da ya riga aikin. Tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta ragu sosai a ranar 31 ga Oktoba 1999, da cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa a Augsburg, suka amince cewa alheri ne ke ceto, shi ne kuma ke kiran mutum ga aiki.

Akwai ƙalubale daga Max Weber, wanda a 1904 zuwa 1905 ya ce fargabar ko mutum na cikin zaɓaɓɓu ce ta tura mabiya Calvin ga aiki tuƙuru. Ko da an karɓi bayaninsa, abin da ya bayyana shi ne himmar sana'a da tara jari. Bai bayyana dalilin da zai sa matalauci ya raba ɗan abin da ke gare shi ba.

Abin da wannan ke nufi a majami'unmu

Gurɓacewa iri biyu ke barazana ga wannan jeri a yau. Ta farko ita ce wa'azin wadata, inda ake ce wa mai bi ya shuka iri da baikonsa don ya girbe ninki. A nan kyauta ta koma jari, salama kuma ta rataya ga zuwan riba. Gwauruwar da ta ba da kuɗin makarantar 'ya'yanta, wata ya zo ya wuce ba ta ga komai ba, sai a ce mata bangaskiyarta ce ta gaza. An raba ta da kuɗinta, an raba ta da kwanciyar hankalinta. Gargaɗin 1 Timoti sura 6 kan masu mai da ibada hanyar samu ya shafi wannan kai tsaye.

Ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin da harshen tawali'u take zuwa. Ita ce a riƙa yi wa wanda aka zalunta wa'azin wadar zuci don ya yi shiru. Bulus a kan kansa ya yi maganar, bai ɗora wa mai jin yunwa ita a matsayin doka ba. Basil kuwa masu rumbu ya fuskanta. Yaƙub 5:4 ta ɗora laifi a kan mai gonar da ya danne ladan masu yi masa girbi. Saboda haka faston da malamin makarantar ikkilisiyarsa ya yi watanni ba albashi, ba shi da hurumin karanta masa Filibiyawa sura 4 kafin ya zauna da dattawa su fitar da haƙƙinsa daga baitulmalin coci.