Dutsen Albarka da Dutsen La'ana

A kusa da garin Nablus, inda tsohon Shekem yake, akwai duwatsu biyu suna fuskantar juna, Gerizim daga kudu, Ebal daga arewa. Littafin Maimaitawar Shari'a, watau na biyar cikin Attaura, ya ce Annabi Musa ya umarci Bani Isra'ila, in sun haye Urdun, kabila shida su tsaya bisa Gerizim domin sa albarka, shida kuwa bisa Ebal domin la'ana. Kalmar da Ibraniyawa ke kiran albarka da ita tushenta ɗaya da tamu, b-r-k, ko da yake mu ta hannun Larabawa muka samo ta.

Rabon bai zo daidai ba. A sura ta 28 albarka ta ci aya 14 kaɗai, la'ana ta ci 54. An daɗe ana ɗaukar wannan a kan tsananin fushi, har shekarar 1955, sa'ad da aka tono allunan alkawarin Esarhaddon, Sarkin Assuriya, a Nimrud. An rubuta su shekara 672 kafin haihuwar Annabi Isa, suna kuwa ɗauke da la'anoni masu kama da na surar, waɗansu har a jere ɗaya. Ashe salon rantsar da talakawa ne na zamanin: mai neman amana ya fi tsawaita barazana.

Amma babbar gardama a kan kalma guda take. A sura ta 27, aya ta 4, nassin Yahudawa ya ce a Ebal za a kafa duwatsun shari'a da bagade, nassin Samariyawa ya ce a Gerizim. Ina dalilin gina wurin hadaya a dutsen la'ana? An yi ta zargin Samariyawa da sāke kalmar don ɗaukaka dutsensu. Sai dai wata tsohuwar fassarar Latin ta goyi bayansu, shi ya sa malamai da yawa suka koma ganin Gerizim ne asali, aka kawar da shi bayan da gaba ta shiga tsakani. Hujjar nan tana da ƙarfi, domin a ƙarshen ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, Yohanna Hirkanus, shugaban Yahudawa, ya rushe haikalin Gerizim.

Kirista sun gaji matsalar ta wata fuska. Littafin nan dai ya ce wanda aka rataye bisa itace la'ananne ne, su kuwa sun gaskata an gicciye Almasihu. Bulus bai kauce wa ayar ba. A wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa ya ce Almasihu ya ɗauki la'anar ne domin albarkar Ibrahim ta kai ga sauran al'ummai. Malaman Yahudawa ba su karɓi wannan fassara ba, Samariyawa kuma ba su bar Gerizim ba.