Shaidar Gawa: Song Ci da Mafarin Binciken Sanadin Mutuwa

Gabatarwa

A duk lokacin da aka tsinci gawa ba tare da an san abin da ya faru ba, tambayoyi huɗu ne ke fuskantar hukuma: wane ne mamacin, yaushe ya mutu, mene ne sanadin mutuwarsa, kuma ta wace fuska, wato ko ciwo ne, ko haɗari, ko shi ya kashe kansa, ko kuwa kashe shi aka yi. Kuskure wajen amsa tambaya ta ƙarshe yana iya sa a zartar wa marar laifi hukuncin kisa, mai laifi kuwa ya ci gaba da yawonsa a gari. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda wani alƙali na ƙasar Sin ya aza harsashin wannan fanni tun cikin ƙarni na 13, ta hanyar fifita abin da gawa ta nuna a kan abin da baki ya faɗa.

Alƙalin da Littafinsa

An haifi Song Ci a lardin Fujian cikin shekarar 1186, ya rasu a 1249. Ya riƙe muƙaman shari'a a larduna daban-daban na daular Song ta Kudu, kuma a 1247 ya fitar da wani littafi wanda za a iya fassara sunansa da Wanke Zalunci. Masana na ɗaukarsa a matsayin littafi mafi daɗewa da ya tsara binciken gawa daki-daki, wanda kuma ya wanzu har yau. Babbar ƙa'idarsa ita ce jami'in da aka ɗora wa bincike ya je da kansa ya duba gawar, kada ƙyama ko wari su sa ya bar aikin a hannun 'yan aike, domin ana iya saye su da toshiya. Gani ya kori ji.

Daga nan sai ya bayyana alamomin da ke bambanta mutuwa da mutuwa. Wanda wuta ta cinye da ransa, akan sami toka a bakinsa da hancinsa, saboda ya shaƙi hayaƙi. Wanda aka jefa cikin wuta bayan ya mutu kuwa, ba a samun haka. Haka kuma shatin igiya a wuyan wanda ya rataye kansa ya sha bamban, a launi da kwanciya, da na wanda aka shaƙe sannan aka rataye don a ɓatar da sawu.

Labarin da ya fi shahara a littafin shi ne na wani mutum da aka tsinci gawarsa a bakin hanya da raunukan sara irin na lauje. Mai bincike ya sa mutanen ƙauyen suka kawo laujunansu, aka jera su a ƙasa cikin zafin rana. Dukkansu fes suke a ido, amma sai ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya, saboda ragowar jinin da wanki bai kawar ba. Mai laujen ya amsa laifinsa. Wannan shi ne misali na farko da aka rubuta na amfani da ƙwari wajen gano mai kisa.

Inda Ya Kuskure, da Yadda Aka Gyara

Ba duk abin da ke cikin littafin ne ya tabbata ba. Alal misali, ya amince da sa tsinken azurfa a maƙogwaron gawa don gano guba, wai idan ya yi baƙi to an sha guba. Yanzu an san cewa farar wuta ce ke baƙanta azurfa, ita kuwa ana samunta a iskar da ke fita daga kowace gawa mai ruɓewa. Sai a 1836 ne James Marsh na Ingila ya fito da gwajin da ke gano gubar arsenik ko da ƙanƙanuwa ce. A 1840 Mathieu Orfila ya yi amfani da gwajin a Faransa, a shari'ar Marie Lafarge, wadda aka samu da laifin kashe mijinta da guba. A 1894 kuma Jean-Pierre Mégnin ya bayyana yadda ƙwari ke sauka a kan gawa rukuni bayan rukuni, abin da ke taimakawa wajen ƙiyasta lokacin mutuwa. Likitocin yau suna haɗa wannan da sanyin jiki, da sandarewar gaɓoɓi, da taruwar jini a sashen da gawa ta kwanta a kai, wadda kan tona asiri idan an ɗauke ta daga inda ta mutu.

Kammalawa

Kayan aiki sun sauya ƙwarai daga lauje da ƙudaje zuwa ɗakin gwaji, amma ƙa'idar Song Ci tana nan daram. Mai shaida yana iya mantuwa, wanda ake tuhuma yana iya amsa laifin da bai yi ba saboda azaba, amma gawar da aka duba da natsuwa kafin a rufe ta takan kuɓutar da mai rai daga zalunci.